Babur ɗin da Ake Gyara Shi Don Tafiyar Sannu

A cikin dukan wasannin da Turawa suka ƙago na babur, akwai guda ɗaya wanda ya saɓa wa sauran, domin kuwa yayin da ake auna gwanin tsere da saurin isarsa, shi wannan wasa, wanda suke kira tirayal, ana auna gwaninsa ne da natsuwa. Ƙa'idarsa ita ce a keɓe wani wuri mai wuyar sha'ani, ko hawan dutse, ko cikin rafi mai tsakuwa da santsi, ko gangaren da saiwoyin itace suka sarƙe, a ce wa mahayi ya ratsa ba tare da ya dire ƙafarsa a ƙasa ba. In ya dire sau ɗaya a rubuta masa laifi 1, in ya faɗi ko ya kasa kai ƙarshe a rubuta masa 5, wanda kuma laifinsa ya fi ƙaranci a ƙarshen yini shi ne zakara. Wasan ya samo asali daga ƙasar Birtaniya, inda aka fara gasar da ta zama ta kwana shida a duwatsun Sikotilan tun 1909, ana kuma yin ta har yanzu a kewayen garin Fort William.

Shekara da shekaru baburan Ingila ne ke mulkin wannan fage, manya masu nauyi, irin su Ariel mai injin 500cc, wanda wani mutumin Belfast mai suna Sammy Miller ya yi ta rage wa nauyi, har ya ci gasar Sikotilan da shi a 1962 da 1964. Sa'an nan sai Francesc Bultó, wanda ya kafa kamfanin Bultaco kusa da Basalona ta ƙasar Sifen a 1958, ya gayyace shi su haɗa kai, suka fito da wani ɗan babur mai injin 244cc, irin injin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, suka sa masa suna Sherpa T. Da shi Miller ya ci gasar Sikotilan ta 1965, ya sake ci a 1967 da 1968, daga nan kuwa kasuwar manyan baburan Ingila ta faɗi a wannan fanni. Kamfanonin Montesa da Ossa, su ma na Sifen, suka biyo sawu, daga bisani Yamaha da Honda na Japan suka shigo. Da aka fara gasar duniya a 1975, a kan Bultaco aka ci ta shekara biyar a jere, amma duk da haka kamfanin ya rufe ƙofarsa a 1983.

To, irin waɗannan babura ne, masu shokazoba biyu a baya da birkin ganga da injin da iska ke sanyaya shi, masu sha'awa suke tonowa yau daga rumbunan gonaki da bayan gareji, sun yi tsatsa, tayoyi sun tsattsage, su raya su. Abu na farko da mai hankali ke yi kafin ya ɗauki sifana shi ne ya binciki nasabar abin da ya saya. Bultaco yakan buga lamba ɗaya a jikin injin da kuma a wuyan firam, farkon lambar kuwa yana nuna samfurin, alal misali Sherpa T na fari shi ne samfuri na 10. Idan lambobin nan biyu suka saɓa, to an yi wa babur ɗin auren dole da injin wani, kuma wanda bai lura ba zai yi ta sayen kayan da ba za su shiga ba. Bayan haka sai a warware shi ɗungurungum, a duba firam ko ya tsage, musamman wajen matakan ƙafa da wuyan kan, domin babu babur irin wannan da bai sha karo da dutse ba a zamanin ƙuruciyarsa.

Maganar fenti da goge ƙarfe ba sai an tsawaita ba, kowane mai haƙuri yana iyawa. Inda ilimin yake shi ne cikin injin, kuma asalin mas'alar a nan ita ce iska. Injin da ake gauraya wa mai yana zuƙo haɗin fetur da iska ne ta cikin akwatin da kiranshaf ke juyawa, saboda haka wajibi ne akwatin ya zama a toshe ruf, abin da ke toshe shi kuwa wasu 'yan zobban roba ne a gefe biyu, waɗanda bakanike ke kira sil. Robar da ta shekara arba'in ta bushe, ta ƙeƙashe. In ta ɓangaren wuta ce ta lalace, sai iskar da ba a gayyata ba ta riƙa kutsawa, injin ya riƙa ɗaga murya shi kaɗai ko da an saki totur, ya yi zafi fiye da kima. In kuwa ta ɓangaren kuloci ce, sai ya riƙa shan man da ke wajen, ya cika wuri da hayaƙi, ya jiƙa fulogi. Mutum nawa ne suka ɓata makonni suna juya sukurorin kafireta, alhali illar tana can ciki? Hukuncin masana a nan shi ne: a raba injin biyu, a sa sabon sil da sabon boris, a auna fistin da ringi, kafin a yi zancen saiti.

Sai wuta. Waɗannan babura ba su da batir, wutarsu daga maganaɗisun da ke cikin filawil take fitowa, ta bi ta kwantak da kwandansa zuwa fulogi. Ana buɗa bakin kwantak wajen milimita 0.4, a saita tartsatsin ya tashi kimanin milimita 3 kafin fistin ya kai ƙololuwa. A nan ne mai gyaran tirayal yake rabuwa da mai gyaran tsere, domin shi yakan ɗan jinkirta tartsatsin da gangan, ya sadaukar da wani kaso na ƙarfi, don injin ya yi laushi, kada ya zabura ya kwashe taya a kan santsi. Saboda wannan dalili ne kuma aka yi wa injin filawil mai nauyi, wanda in ya ɗauki juyi yakan ci gaba da tura babur ko da mahayi ya rufe mai, kamar yadda amale ke ɗaga ƙafa ɗai-ɗai a cikin rairayi ba ya gaggawa ba ya kuma tsayawa. Wanda ya feƙe filawil ɗin nan don neman zafin nama, hakika ya ɓata hikimar da aka gina abin a kanta.

Kafireta ma haka take. Galibin na Sherpa ƙirar Amal ce, na baya-baya kuma Bing, kuma tana da matakai: ƙaramin jet da sukurun iska su ke mulki lokacin da aka ɗan taɓa totur, allura ta karɓa a tsakiya, babban jet sai an buɗe duka. Mai tsere hankalinsa yana kan babban jet, amma mahayin tirayal kusan duk yininsa a rubu'in farko na totur yake, don haka ƙaramin jet, wanda raminsa da ƙyar ido ke gani, shi ya fi cancantar a wanke shi da kyau, a hura masa iska, kada a zura masa waya. Jarrabawar kuwa mai sauƙi ce: a sa giya ta biyu, a bar babur ya yi tafiyar da ba ta wuce ta mai tafiya da ƙafa ba, sa'an nan a buɗe mai a hankali, in ya amsa sumul ba tari ba shaƙewa, an dace. Akwai kuma wata fitina ta zamani da magabata ba su sani ba, wato fetur ɗin Turai na yau da ake gauraya wa sinadarin itanol, wanda yake narkar da tankunan faiba na tsofaffin baburan Sifen, ƙullin da ya narke ya gangaro ya toshe kafireta. Maganinsa a shafe cikin tankin da abin da itanol ba ya ci, ko a musanya shi da na alminiyam.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne taya. Ta gaba inci 21 ce, ta baya 18, iskar da ake sa wa ta baya kuwa wajen fam 4 ce kacal, abin da mai faci na bakin titi zai rantse cewa taya ta sace. Hikimar ita ce robar ta lanƙwashe ta rungumi dutse, shi ya sa ake ɗaure tayar da wili da wasu ƙusoshi na musamman, don kada ta zame ta tsinke bakin tif.

Daga nan sai saɓanin da ya raba masu wannan sha'awa gida biyu. Wasu suna ganin duk abin da ba a fito da shi daga masana'anta ba bidi'a ne, ko da matakin ƙafa ne aka matsar baya kaɗan. Wasu kuwa sun halatta wutar lantarki ta zamani maimakon kwantak, da sabuwar shokazoba, da kafiretar Japan. Masu shirya gasar tsofaffin babura, irin wadda ake yi a Kinlochleven ta Sikotilan domin ƙirar kafin 1965, suna da nasu sharuɗɗa, kuma ya kamata mutum ya karanta su kafin ya kashe kuɗinsa. Ni dai a ganina, babur ɗin da za a ajiye a gidan tarihi, kamar wanda Miller ya kafa a New Milton ta kudancin Ingila, a bar shi yadda aka ƙera shi. Wanda kuwa za a shiga rafi da shi, babu laifi a sauya masa abin da zai hana shi mutuwa a tsakiyar ruwa, muddin an adana kayansa na asali a akwati domin wanda zai gaje shi.