Tadriji a Sha'anin Sayen Kayan Yaƙi

Tun daga watan Agustan 2023, sa'ad da aka ɗora wa Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, mutumin Ɓaɓura, nauyin Ma'aikatar Tsaro, sai zancen kayan yaƙi, wanda a da ake ganin hafsoshi kaɗai ke da bakin yin sa, ya shigo majalisun hira na wannan yanki namu, daga Kazaure har Roni da Gwiwa. Kuma ya cancanci ya shigo, domin dukiyar da ake sayen makaman nan da ita daga baitulmalin jama'a take fitowa, waɗanda suke riƙe su a daji kuwa 'ya'yan talakawa ne.

Hanyoyi biyu hukuma ke bi in tana son sabon makami. Ta farko ita ce a zauna a rubuta dukan siffofin da ake buri, a ƙulla yarjejeniya guda mai tsawon shekaru, sa'an nan a zuba ido ana jiran ranar da abin zai fito cikakke. Ta biyu, wadda malamanmu za su kira tadriji, ita ce a fara da ɗan abin da aka tabbata ana iyawa, a miƙa shi ga sojan da zai yi aiki da shi, a saurari abin da ya gani na aibi da na alfanu, kana a gina mataki na gaba bisa wannan shaida. Duk wanda ya zauna a zaure ya san haka ake karatu, gama ba a buɗe wa almajiri Muhtasar alhali bai sauke Ahalari da Iziyya da Risala ba.

Amurka, duk da yalwar arzikinta, ta ɗanɗana kuɗar hanyar farko. A 2003 rundunar sojanta ta ƙasa ta tsiri wani gagarumin shiri mai suna Future Combat Systems, da nufin ƙera motocin yaƙi da jirage marasa matuƙi da hanyar sadarwa da za ta haɗa su, duka a lokaci guda, alhali yawancin fasahar da aka dogara a kanta ba ta nuna ba tukuna; zuwa 2009 aka soke shirin, bayan ya lashe kimanin dala biliyan 18. Jirgin F-16 kuwa, da ya fara tashi a 1974, rukuni-rukuni aka yi ta kyautata shi, ga shi har yau ana ƙera shi.

Mu ma muna da namu misalin, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa. Rundunar sojan ruwa ta ƙera jirgin sintiri na farko a ma'aikatarta ta Legas, aka sa masa suna Andoni, aka ƙaddamar da shi a 2012, tsawonsa bai wuce mita 31 ba. Da hannun maƙeran ya faɗa, sai suka fito da Karaduwa a 2016, wanda ya fi na farko girma, sa'an nan Oji ya biyo baya a 2021, ya ɗara su duka biyun. Da a ce tun ranar farko babban jirgin yaƙi aka ce su yi, Allah kaɗai ya san ko da yanzu ƙarfen yana nan kwance yana tsatsa. Sojan sama ma haka suka bi a Kaduna da jirage marasa matuƙi: suka fara da ƙananan gwaje-gwaje masu suna Amebo, suka nuna Gulma a 2013, sa'an nan Tsaigumi a watan Fabrairun 2018. Sunayen kansu abin sha'awa ne, tun da aikin jirgin shi ne ya leƙo asirin abokin gaba ya kawo rahoto.

Sai dai tadriji yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Mataki ba ya amsa sunansa sai ya fita daga filin biki ya shiga fagen fama, sai kuɗin mataki na gaba ya fito a kan kari, sai kuma an bar injiniyoyin da suka koyi aikin a wurinsu, ba a watsa su duk lokacin da aka sauya shugaban runduna ba. Masana'antar makamai ta DICON tun 1964 take a Kaduna, amma har yanzu manyan kayanmu daga ƙetare suke zuwa, kamar jiragen Super Tucano 12 da suka fara isowa daga Amurka a 2021. Ba na zargin sayen nan, domin wanda gobara ta kama ɗakinsa ba ya jiran a haƙa rijiya. Abin da nake tsoro shi ne larura ta zama al'ada.

A ƙarshen 2023 an sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe mata ƙofar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Idan za a yi aiki da ita bisa tadriji, to harsashi da sulke da kayan gyaran mota su ne farkon karatu, kuma irin wannan aiki ne ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya sa hannu a cikinsa tun daga shekarar da suka kammala.