Siffantawa a Ƙagaggen Labari: Abin Lura ga Malamai da Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

A makarantun sakandare an fi koyar da adon harshe a darasin waƙa, alhali zube ma yana da nasa rabo. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan siffantawa da yadda ya dace a koyar da ita ga ɗalibi mai koyon rubuta ƙagaggen labari.

2.0 Ma'anar Siffantawa

Siffantawa ita ce a kira wani abu da sunan wani kai tsaye, ba tare da kalmomin "kamar" ko "tamkar" ba. Idan aka ce "dillalin nan kamar kura yake", an yi kamantawa. Idan kuwa aka ce "dillalin nan kura ne", an yi siffantawa.

3.0 Sharuɗɗan Ingancinta

Na farko, ta yi wa jigo hidima. Abdulƙadir Ɗangambo ya sanya wa littafinsa suna Kitsen Rogo. Rogo fari ne tas kamar kitse, amma ba ya da maiƙo, kuma haka birni ya zame wa saurayin da ya baro ƙauye a labarin. Haka nan sunan Magana Jari Ce na Abubakar Imam (1937) siffantawa ce, domin da baki kaɗai aku ya samu ɗaukaka a fada.

Na biyu, ta dace da mai maganar. Manomi zai kira ɗansa rumbunsa, masunci kuwa ya ce jirginsa. Da wannan mai karatu kan gane kowane ɗan wasa ko ba a ambaci sana'arsa ba.

Na uku, kada a gwama hotuna biyu masu karo da juna. Ɗalibin da ya rubuta "wutar soyayya ta nutsar da shi" ya manta cewa wuta ƙonawa take yi, ruwa ne ke nutsarwa.

Na huɗu, a guji waɗanda suka ƙoɗe saboda yawan amfani, irin kiran kowane jarumi zaki, kowace budurwa tauraruwa.

4.0 Kammalawa

Tambayar "fito da adon harshe biyar daga wannan babi" haddace suna kawai take koyarwa. Ana ba da shawara manhaja ta tanadi aikin da ɗalibi zai cire siffantawa daga jimla, ya mayar da ita magana miƙaƙƙiya, sannan ya bayyana abin da labarin ya rasa. Idan bai rasa kome ba, to, tun farko ba a bukatarta.