Gwajin Daimon a Gida: Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ke Ƙarya

Bidiyoyi na yawo a WhatsApp da TikTok suna koya wa mutane yadda za su gane lu'ulu'un daimon na gaske a cikin ɗaki, da kofin ruwa, ko gilashi, ko wuta. Matar da aka sako wa zobe a kayan lefe, da wadda ta sayo sarƙa a Dubai, da mai haƙar ma'adinai da ya tsinci farin dutse mai ƙyalli, duk suna neman amsa cikin gaggawa. Wasu daga cikin dabarun nan suna da tushe. Wasu ba sa nuna komai, biyu kuwa suna iya lalata dukiyar baki ɗaya.

Wadda ta fi shahara ita ce ta gilashi: wai duk dutsen da ya karce gilashi daimon ne. Gaskiya ne daimon yana karce shi, amma ba shi kaɗai ba. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon yana kan 10, gilashi kuwa wajen 5.5 ne. Dutsen kwaz yana kan 7, tofaz yana kan 8, kuma ana haƙo su a Filato da Nasarawa. Dukansu za su bar zane a gilashi. Nan ne masu tsintar duwatsu suka fi ruɗuwa, har su fara lissafin miliyoyi a kan dutsen da ake sayarwa da kilo.

Gwajin ruwa ma ba shi da amfani. Daimon yana nutsewa, haka kwalba, haka tsakuwa. Roba kaɗai zai iya tona wa asiri.

Amma nauyi yana da abin faɗa idan aka auna shi yadda ya kamata. Jabun da ya fi yawa a kasuwa shi ne zirkoniya, wadda masana a Tarayyar Sobiyet suka gano hanyar sarrafa ta, ta shiga kasuwa a 1976. Ta fi daimon nauyi sosai. Daimon mai yankan da'ira da faɗinsa ya kai kusan milimita 6.5 yakan yi karat 1, wato giram 0.2, ita kuwa zirkoniya mai wannan girman takan kai wajen karat 1.7. Ƙaramin sikelin masu sayar da gwal zai nuna bambancin, muddin dutsen ba a jikin zobe yake ba.

Gwajin numfashi yana da ƙamshin gaskiya. Daimon yana watsa zafi fiye da tagulla kusan ninki biyar, saboda haka idan aka hura masa numfashi, tururin yakan ɓace nan take, a kan kwalba ko zirkoniya kuwa ya ɗan daɗe. Matsalar ita ce akwai wani dutse mai suna moisanait da shi ma yake watsa zafi sosai. An raɗa masa sunan Bafaranshe Henri Moissan, wanda ya gano shi a 1893 cikin duwatsun wani rami a Arizona ta Amurka, an kuma fara sayar da wanda aka ƙera a matsayin kayan ado a 1998. Yana tsallake gwajin numfashi, yana ma yaudarar ƙaramar na'urar nan mai kama da biro da ake dangwala wa dutse, idan zafi kaɗai take aunawa. Abin da ke tona shi tabarau mai ƙara girma sau 10 ne: idan aka leƙa ta gefe, layukan yankan da ke ƙasa sukan bayyana bibbiyu, abin da ba ya faruwa a daimon.

Ɗora dutse a kan rubutun jarida yana aiki ga mai yankan da'ira wanda ba a dasa ba, domin daimon yana karkatar da haske har haruffa su ƙi karantuwa. Moisanait ma haka yake yi. Fitilar duba jabun kuɗi kuwa ba hujja ba ce, tunda cibiyar nazarin duwatsu ta GIA da ke Amurka ta nuna kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari ne kawai na daimon ke yin haske a ƙarƙashinta. Mafi yawan na gaske ba sa yi.

Shawarwari biyu masu haɗari su ne guduma da wuta. Maganar cewa daimon ba ya fashewa tsohuwar ƙarya ce, tun zamanin Rumawa ake rubuta ta. Yana da jijiyar da yake tsagewa ta kanta, kuma ta nan mai yankan daimon Joseph Asscher ya raba Cullinan, dutsen karat 3,106 da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, da bugun ƙarfe a Amstadam a 1908. Wuta ma tana cin sa. Asalinsa ɗaya da gawayi, kuma masanin kimiyya Antoine Lavoisier ya ƙone shi tun a 1772. Gasa dutse a jefa shi cikin ruwan sanyi yana iya tsaga na gaske mai aibi a ciki, ya kuma lalata zoben. Duk wanda ke koya wa mutane wannan yana jawo musu asara ne.

Sai babbar maganar da bidiyoyin ba sa taɓowa. Tun 1954 kamfanin General Electric ya ƙera daimon a ɗakin gwaji, yau kuma irinsa ya cika kasuwa. Ba jabu ba ne, domin tauri da ƙyalli da nauyi duk ɗaya ne da na haƙa, sai dai farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Babu gwajin gida da zai raba su. Mai sayarwa zai iya rantsewa cewa daimon ne, bai yi ƙarya ba, ya kuma karɓi kuɗin na haƙa.

Saboda haka gwajin gida yana iya cewa wannan jabu ne, amma ba ya iya tabbatar da na gaske. Mai niyyar saye ya nemi takardar shaida daga GIA ko takwararta IGI, ya duba lambarta a shafinsu na intanet, ya kuma sa a nuna masa da tabarau cewa lambar ta yi daidai da wadda aka zana a gefen dutsen, kafin ya biya ko sisi.