Tsohuwar Akori-kura Za Ta Iya Ja Da Tayoyi Huɗu Da Lantarki?

Duk wanda ya taɓa tura mota a laka ya san yadda abin yake: tayoyin baya na ta juyawa suna feshe mutane da taɓo, na gaba kuwa ko gezau. Haka yawancin akori-kurar da ke ɗebo masara da itace daga ƙauyukan Igabi zuwa Kawo suke, injin yana tura tayoyin baya ne kawai. Fijo 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kakuri, inda ya fara aiki a 1975, ita ma haka take. Idan damina ta yi nisa, mota ɗaya da ta kafe na iya jawo asarar lodin tumatir gaba ɗaya.

Mu ɗaliban injiniya mun sha musu kan wata dabara. A bar tsohon injin fetur da aikinsa a baya, a ɗaura injin lantarki da batir su riƙa ja da tayoyin gaba a lokacin da ake buƙata. Ba tatsuniya ba ce. A 2011 Peugeot ta fitar da 3008 HYbrid4, wadda injin dizal ke jan tayoyinta na gaba, na lantarki kuma na baya, babu wani ƙarfe da ya haɗa su sai titin da suke takawa. Tamu juya wannan tsari ne kawai. Tun a farkon shekarun 1980 ma kamfanin Dangel na Faransa yake mayar da 504 fowil, amma shi da ƙarfe da giya ya yi nasa.

To ina matsalar? Ta farko, tayoyin gaban 504 ba a yi su don ja ba. Aikinsu juya kan mota da ɗaukar nauyi. Sai an sauya ƙafar gaba da wadda ke karɓar sandar juyi, kuma waldar da aka yi da ƙiyasi a wurin da sitiyari da birki suke, wasa ne da rai.

Ta biyu nauyi ne, kuma nan darasinku na fiziks yake shigowa. Litar fetur ɗaya ba ta kai kilo ɗaya ba, amma tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9 na wutar mita. Batirin litiyam da zai riƙe wannan adadi ya haura kilo 50, wato buhun siminti guda. Sa'ar da aka yi, injin fetur yana zubar da kusan kashi biyu cikin uku na makamashinsa a matsayin zafi, na lantarki kuwa ɗan kaɗan yake ɓatawa. Kuma fita daga laka aikin minti biyu ne, don haka ƙaramin batir ya wadatar. Duk da haka kowane kilon batir ragi ne a lodin direba, shi kuwa da lodi yake ci.

Ta uku ta fi ba mu ciwon kai: wa zai gaya wa injinan biyu su tafi da gudu ɗaya? Idan gaba ya fi baya sauri a kwana, mota na iya ƙwacewa. Sai an sa ƙaramar kwamfuta mai karanta totur da juyin taya. Batirin irin waɗannan motoci kuma yakan haura bolt 200, ba irin na bolt 12 da mai rewaya ya saba taɓawa da hannu ba.

A ganinmu gwajin ya cancanta, musamman tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riga ya cire injinan ƙananan bas-bas ya sa musu na lantarki, suna ɗaukar fasinja. Nan Kaduna kuwa Fanteka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha suna maƙwabtaka a Tudun Wada: masu walda da masu juyin ƙarfe a gefe guda, masu lissafi da kwamfuta a ɗaya gefen. Da mu za a tambaya, gwajin farko a fili za a yi shi, babu lodi, babu fasinja, gudun kuma kada ya wuce na keke.