Me Ya Sa Giyar Sienna Ke Maƙalewa a Wuri Ɗaya?

Direbobin Sienna da Sharan masu lodi daga Kafanchan zuwa Kaduna ko Jos sun san wannan matsala. Mota tana cikin tafiya sai giya ta tsaya a ta biyu ko ta uku, inji na ruri, gudu ya ƙi, hawan Manchok ya gagara.

Sau da yawa giyabos lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira burenbos, ita ce ta hango matsala ta kulle giya don kada ɓarna ta ƙaru.

A fara da man giya. Idan ya ragu, ko ya yi baƙi yana warin ƙuna, an sami bakin zaren. A zuba irin wanda kamfani ya rubuta, domin wata Sienna T-IV take sha, wata WS. Sai batir da fis da wayoyi. Daminar Kudancin Kaduna tana da ƙarfi, ruwa da taɓo kan shiga soket su sa tsatsa.

Daga nan a jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda motocin kasuwar Amurka ke da shi tun 1996. A cikin lambobin matsala da na'urar ke nunawa, P0715 da P0720 na nuni ga na'urorin auna gudu, P0750 kuwa ga solenoyid mai sauya giya.

Cire kan batir yakan saki giyar na ɗan lokaci, amma ciwon yana nan. A ganina, kada mai mota ya yarda a sauke giyabos kafin a karanta lambobin nan.