Wa Ya Sace Jan Haske?

Ga kacici-kacici, mai karatu: wane abu ne idan ka ƙara masa tuwo sai ya rame?

A 2014 motar BMW i8 ta fito da fitilun lesa. Shuɗin hasken lesa ne ke bugun wata hoda da ake kira fosfo, ita kuma ta mayar da rawaya, su haɗu su ba da fari. Sai dai haska wannan farin a kan tumatir, ka ga ya koɗe kamar ya kwana uku a kwando. Ja ne babu. To, ai akwai jan fosfo, irin CASN da aka ƙirƙiro a Japan, yana aiki lafiya lau a ƙwan LED. Aka ajiye shi gaban lesa, aka ƙara wuta. Ja ya ƙaru. Can sai ya tsaya cak. Aka ƙara. Ya dushe.

Wa ya sace shi?

Danƙon silikon da ke riƙe hodar aka fara tuhuma, don lesa kan ƙona shi ƙurmus. Aka kore shi, aka gasa hodar cikin gilashi da tangaran. An samu sauƙi. Sata ba ta tsaya ba.

Ni da farko zafi na kama, domin juya shuɗi zuwa ja ya fi juya shi zuwa rawaya barin zafi. Yana da hannu, ba musu. Amma a sanyaya hodar, ko a liƙa ta a faifai mai juyawa kamar na cikin majigi, jan yana da inda yake tsayawa. Ashe da sauran ɓarawo a ɗaki.

Lokaci ne.

Kowace ƙwayar zarra mai haske a cikin hodar tamkar guga take: in ta cika, sai ta juye kafin ta sake ɗiba. Seriyom, mai ba da rawaya, yana juyewa cikin kusan kashi 60 na biliyan ɗin daƙiƙa. Yurofiyom na CASN ya ninka shi jinkiri kamar sau 10. Manganis kuwa, wanda jansa ya fi kowanne tsabta a fosfon KSF, sai ya ci kusan kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ninki fiye da 100,000 ke nan! Lesa tana kwararo haske, gugunan duk a cike, babu mai karɓa. Hasken ma da ya shiga cikakken guga, yawanci zafi yake zama.

Shi ya sa masu bincike ke neman sinadarin da zai sa seriyom mai hanzari ya ba da ja. Ka riƙe sunan nan, seriyom, za ka sake jin sa.