Kafin ka shafa wa fulogin janareta mai, karanta wannan

Ɗan'uwa manomi, ko janaretan gida ne ko injin ban-ruwa, fulogi ɗan ƙaramin abu ne amma yana iya tsayar maka da aiki. A zagayen da nake yi tsakanin Batsari, Ruma, Runka da Safana, na sha tarar da inji a ajiye saboda fulogi ya cije, an sa ƙarfi, zaren ramin ya cinye. Kan injin alminiyam ne, bai kai ƙarfen fulogi tauri ba, shi ya sa shi ke fara lalacewa. Daga nan sai ɗaukar inji zuwa Katsina ko Dutsin-Ma, shuka kuma tana jiran ruwa.

Saboda tsoron haka wasu ke shafa baƙin mai ko giris. Kada ka yi. Zafi zai ƙona shi ya daskare, cijewar ta ƙaru.

Akwai man hana cijewa na musamman, mai garin tagulla a ciki. To, ya dace a shafa? Duba fulogin tukuna. Idan zarensa fari ne yana ƙyalli, kamar na NGK, an riga an rufe shi da abin da ke hana tsatsa, kuma kamfanin da kansa ya ce kada a ƙara komai. Dalili kuwa, man yana sa santsi, sai ka zarce wajen ɗaurewa ba ka sani ba. Idan zaren baƙi ne marar rufi, ɗan ɗigo ya isa. Kada ya kai bakin da wuta ke fita, in ba haka ba inji zai riƙa shaƙewa.

Abin da ya fi man muhimmanci shi ne yadda ka ɗaura. Bari inji ya huce sarai. Share ƙurar da ke gefen ramin kafin ka kwance. Fara murza sabon da hannu; in ka ji ya yi tauri tun farko, ya karkace, dawo da shi. In ya zauna, ƙara rabin juyi da sifana. Tsohon fulogi kuwa, kada ka wuce kwata.

A inji irin Honda GX160, tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Duba shi duk bayan awa 100, ka canza a awa 300 ko shekara guda. Fulogin da ake kwancewa a kai a kai ba kasafai yake cijewa ba.

Allah ya ba da amfani mai albarka.